Ai Akwai Jita a Cikin Fiyano

Shekarun baya na saɓa jitata a kafaɗa na tari adaidaita zuwa wani situdiyo a cikin birnin Kano, ina ɗauke da 'yar waƙar da na yi wata biyu ina sassaƙawa. Ba zan faɗi sunan wurin ba, don mutumin bai yi min laifi ba, sana'arsa yake yi. Ɗaki ne ɗan tsukuku, an lulluɓe bangon da soso da kafet, mutum huɗu na zaune a benci suna jiran layi, wannan da waƙar biki, wancan da ta ɗan takarar kansila. Da layi ya zo kaina na zuge jaka na fito da jita, sai mai kiɗan ya dube ta, ya dube ni, ya ce, "Malam, da ba ka wahalar da kanka ba. Ai akwai jita a cikin fiyano." Ya danna lamba, ya ɗora yatsu uku, sai ga sauti ya fito tas, ba ƙura ba tsatsa. Ya ce, "Ka ji ko? Kai dai rera, ni zan bi ka."

Na rera, ya bi ni. Kafin la'asar an gama waƙa an tura min a waya. Na saurare ta a hanyar gida, kuma babu wani aibu da zan nuna da yatsa in ce ga shi. Abin da ya tsaya min a rai ɗaya ne: da za a cire muryata a ɗora ta mai waƙar kansila, babu wanda zai ce an yi musanya.

Tun daga ranar na fara tara kayan aiki da kaɗan-kaɗan, kamar mai haɗa lefe. Kwamfutar cinya ta gwanjo, ɗan akwatin nan da ke shiga tsakanin jita da kwamfuta wanda 'yan harkar ke kira sawun-kad, makirfo ɗaya, sifika biyu da ba uwarsu ɗaya ba. Na jera su a shagon da ke zauren gidanmu, inda na yi samartaka. Ni malamin lissafi ne a sakandare, ba a taɓa biyana ko sisi a kan kiɗa ba, ba na kuma nema. Na faɗa ne don a san daga inda nake magana: ɗakin mai sha'awa, wanda ke kunna kaya bayan isha'i, ya kashe idan barci ya ci ƙarfinsa.

Kiɗan Hausa na zamani ya yi shekara kusan 30 yana fitowa ta ƙofa ɗaya, ƙofar fiyano da kwamfuta, har kunnenmu ya fara manta yadda yatsa ke kuka a kan tsirkiya. Idan kuwa yatsa zai dawo, ba na jin ta manyan situdiyoyi zai dawo. Ta irin waɗannan shagunan zai ɓullo, inda wani saurayi ko wani magidanci ke da jita da kwamfuta da lokacin ɓatawa. Sai dai akwai sharaɗi: a haɗa su biyun, amma a bar jitar ta ja gaba. Yawancinmu akasin haka muke yi. Mu gina kiɗan na'ura mu gama shi tsaf, sannan mu ɗan barbaɗa jita a kai kamar yaji a kan tsire.

A tsakiyar shekarun 1990 ne fiyanon Yamaha samfurin PSR ya zama uban ɗaki a situdiyoyin Kano, daidai lokacin da finafinan bidiyo ke tashe, kowane fim kuma da waƙoƙinsa. Akwati ɗaya ne mai ɗauke da ganga da sarewa da gogen Turawa da duk abin da ka sani, mutum ɗaya ke sarrafa shi. Daga baya FruityLoops ta shigo, manhajar haɗa kiɗa ta wani kamfani na Beljiyam da aka sauya wa suna zuwa FL Studio a 2003. Sai Auto-Tune, wadda wani injiniya Ba'amurke, Andy Hildebrand, ya fitar a 1997. Mutumin a da aikinsa nazarin sautin da ake harbawa ƙarƙashin ƙasa don neman man fetur, kuma ya yi abin ne don a riƙa gyara muryar da ta ɗan kauce ba tare da an gane ba. Mu kuma muka murɗa ta har ƙarshe, muka mai da ita kwalliya.

Ba na ganin laifin mai situdiyo. Yana da haya, yana da man janareto, yana da mutum huɗu a benci. Kiran mai kalangu da mai goge na nufin kuɗin mota da abinci da sallama, da yini guda ana "a sake, a sake". Fiyano ba ya makara, tsirkiyarsa ba ta tsinkewa, ba ya neman ƙari. Duk wanda ya taɓa riƙe sana'a ya san wanda za a zaɓa. Amma ga inda abin ya kai mu: ka shiga mota daga Kano zuwa Zariya, direba ya sa waƙa 20 na mawaƙa 10, ka rantse mutum ɗaya ne ya kaɗa su duka a zama ɗaya. Alhali a da, kafin Shata ya buɗe baki ka riga ka san kalangunsa ne. Kuntigin Ɗanmaraya ba ya ɓuya. Gurmin Haruna Uji daban, kukumar Garba Supa daban, ta Ahmadu Doka daban. Kowa da hannunsa, kamar rubutun allo.

Akwai misalin da nake yawan kawowa idan gardama ta yi zafi, saboda a ƙasarmu aka yi shi. A 2008 wani saurayi Ba'abzine daga Nijar, Mahamadou Souleymane, wanda duniya ta sani yanzu da Mdou Moctar, ya tsallako Sakkwato ya shiga situdiyo. Bahago ne, kuma jitarsa ta farko da hannunsa ya haɗa ta, da katako da wayar birkin keke, don a gidansu ba a son harkar kiɗa. Situdiyon da ya shiga irin namu ne sak: gangar na'ura, Auto-Tune, salon waƙar fim. A kan wannan aka ɗora jitarsa da waƙoƙinsa na Tamashek. Kundin da aka samu, Anar, ba a kai shi kanti ba a lokacin. Daga waya zuwa waya ya yi ta yawo, ta bulutut da memori, har ya ƙetare iyakoki. Wani Ba'amurke mai yawon tattara kiɗa, Christopher Kirkley, ya tsinci ɗaya daga cikin waƙoƙin a wayoyin mutane, ya sa ta a wani faifan haɗaka a 2011, ya kuma bi sawu har ya gano mai ita. Yau mutumin yana cika dandali a Turai da Amurka.

Wani zai ce ai daga baya ya ajiye na'urar ya ɗauki mai ganga na gaske. Haka ne, kuma ban ga abin musu ba. Amma ka koma ka saurari wancan naɗin na Sakkwato. Gangar ba ta da wani abin mamaki, irinta ce a ɗaruruwan waƙoƙin da aka yi a shekarar. Abin da ke tsayar da kunne shi ne gogayyar da ke tsakanin na'urar da ba ta numfashi da yatsun da ke yi. Ita tana tafiya ɗoɗar kamar titi, shi yana ratsa ta yana dawowa kamar akuya.

Nijar dama ta daɗe da riga mu a wannan fage. Tun 1978 Mamman Sani ya naɗi kaset a gidan rediyon ƙasa a Yamai da wata ogan ta lantarki 'yar Italiya samfurin Orla, yana kaɗa karin gargajiya a kanta, har kiɗansa ya zama abin da ake sawa tsakanin shiri da shiri a rediyo da talabijin. A zamaninmu akwai Hama, direba ne a Yamai, wanda ke ɗauko karin jitar Abzinawa ya mai da shi kan fiyano da FruityLoops. A Agadas kuwa jita kayan biki ce kamar yadda kalangu yake a wurinmu, daga nan Bombino ya fito, kuma har mata sun ɗauka, irin su Fatou Seidi Ghali ta ƙauyen Illighadad. Mu a wannan ɓangaren na iyaka, ban da irin su marigayi Bala Miller da suka yi waƙar Hausa da cikakkiyar ƙungiya, jita ta tsaya a matsayin kayan coci ko kayan otal. Idan tsirkiyarka ta tsinke a Kano, Sabon Gari za ka nufa.

To, me ake nufi da a bar jita ta ja gaba?

Duk wanda ya buɗe FL Studio karon farko, abin da zai tarar shi ne jerin gidaje 16, huɗu-huɗu, kamar ramukan dara. Ka danna gida, ganga ta faɗa ciki. Waɗanda suka tsara abin da kiɗan rawa na Turai a kansu suka tsara shi, mai tafiya ɗaya-biyu-uku-huɗu kamar faretin soja. Da yawa daga cikin kiɗanmu kuwa uku-uku yake tafiya, wani ma uku da biyu a lokaci guda, kamar luguden mata a turmi ɗaya. Ana iya mai da gidajen nan 12, aikin bai kai minti guda ba, amma sai wanda ya san yana bukata. Yaron da ya koyi aikin daga bidiyon YouTube na wani Bature babu wanda ya gaya masa. Sai ya ɗauko karin da ya ji a bakin kakarsa ya tura shi cikin gidaje 16 da ƙarfin tsiya, karin ya shiga, amma ya bar ƙafa ɗaya a waje.

Ɗan yayata yana aiki a wani situdiyo, hannunsa a kan kwamfuta ya fi nawa sauri nesa ba kusa ba. Wata Asabar ya leƙo ya same ni na naɗi jita a kan wani bugu mai gudun 120 a minti. Ya saurara, ya matso da fuska kusa da allo, ya ce, "Kawu, duk ka sauka daga layi. Dubi nan, ka riga ganga. Nan kuma ka makara. Kawo in gyara maka." Na matsa masa. Ya yayyanka sautin gunduwa-gunduwa, ya ja kowace ƙwaya ya zaunar da ita daidai bakin gidanta. A wannan gudun, tsakanin gida da gida kashi 125 ne cikin 1,000 na sakan, ni kuma kaucewata ba ta wuce kashi 20 ko 30 ba. Cikin minti 15 ya gama, ya kunna. Muka yi shiru muna ji. Komai ya zauna daram, kuma abin ya mutu murus. Shi da kansa ya sosa ƙeya ya ce, "Kawu, wallahi kamar fiyano." Na ce, "To ɗana, ka ga inda muka dawo."

Da muka koma kan naɗin asali muka duba da kyau, sai muka ga kaucewar ba ta hauka ba ce. Kullum a wuri ɗaya nake riga ganga, kullum a wuri ɗaya nake jan ƙafa. Ban shirya ba, ban ma san ina yi ba. Haka hannuna ya ji karin, kuma wannan ɗan rinjayen shi ne ke sa kafaɗar mai sauraro ta motsa. Abin da yaron ya kira kuskure ya share, shi ne kaɗai abin da ke nawa a cikin waƙar.

Tun daga nan na juya tsarin aikina. Ina barin bugu ɗaya tak, mai sauƙi, ya riƙe min lokaci. In naɗi jita daga farko har ƙarshe ba yanka, ko da sai na maimaita sau 10. Daga nan duk abin da zan ƙara, shi zai bi jitar: in kashe abin da ke jan sauti zuwa bakin gida, in ɗora ƙananan ganguna da hannu a inda yatsana ya sauka, in sa bes, wato sautin nan mai kauri na ƙasa, ya jira ta idan ta ja ƙafa. Aikin da yaron ya yi a minti 15, ni yakan ci min dare uku. Kuma a nan ne maganata take. Mai situdiyon kasuwa ba shi da dare uku, mutum huɗu na jiransa. Ni ina da su. Babu furodusan da ke kirana, babu amaryar da za a kai ranar Lahadi. Abin da ake ganin rauninmu ne, wato ba da wannan muke ci ba, shi ne jarin da babu mai shi sai mu.

Kada a ɗauka raina na'ura nake. Tana da abin da yatsa ba zai taɓa bayarwa ba. Tsirkiya mafi kauri a jita tana kaɗawa kusan sau 82 a sakan, iyakar zurfinta ke nan. Wannan rugugin da ke dukan ƙirji, wanda aka gada daga gangar na'ura ta Roland TR-808 da ta fito a 1980, yana can ƙasa da haka, inda jita ba ta isa. Na'ura ba ta gajiya, za ta riƙe maka sauti ɗaya minti 10 ba ta ce hannunta ya sage ba. Tana ba ka amsa-kuwwar kogo a cikin ɗakin da bai fi tabarma uku ba. Kuma da ƙarfe 12 na dare, wa za ka taso ya zo ya buga maka ganga? Ita ce yadi, jita ce ɗinki. Mu da muke biyan ninkin kuɗi a kan hular ɗinkin hannu mu bar ta inji a rataye, mu da za mu juya babbar riga mu duba bayan aska mu gane ko allura ce ta yi ko keke, abin mamaki ne a ce a kiɗa kaɗai ne muka daina tambaya.

Akwai kuma maganar harshe, wadda ta fi damuna a matsayina na mai rera waƙa da Hausa. Harshenmu da hawa da sauka yake aiki. Kukan yaro da kukar miya, a rubuce kusan abu ɗaya ne, murya ce ke raba su. Shi ya sa kalangu ke magana: mai shi yana matse shi a hammata yana saki, sauti na hawa yana gangarowa kamar bakin mutum. Goge da kukuma ba su da matakala a wuyansu, yatsa na zamewa inda ya so. Fiyano kuwa matakai 12 ne, ka taka wannan ko ka taka wancan. Yana da 'yar ƙafar murɗawa a gefe mai lanƙwasa sauti, na sani, amma ba kowa ke damuwa da ita ba. Auto-Tune idan an ƙure ta ita ma kan matakan nan take jefa murya. Ita ma jita tana da ƙarafa a wuyanta masu raba ta mataki-mataki, ba zan ɓoye ba. Amma yatsa na iya tura tsirkiya sama ya shiga tsakanin mataki biyu, ya girgiza ta, ya zame daga wannan zuwa wancan. Cikin kayan kiɗan da ake saya a kanti a jona da kwamfuta kai tsaye, ban san wanda ya fi ta kusa da iya cewa "sannu da zuwa" ba.

Darasin da ya fi ba ni wuya shi ne ragewa. A 1979 da kamfanin Tascam ya fitar da Portastudio, na'urar da ta fara kai naɗin kiɗa ɗakunan talakawa, layi huɗu kawai take ɗauka a kan kaset, dole ka zaɓi abin da ya cancanta. Yanzu kwamfutar gwanjo ma za ta ba ka layi 50, mu kuma ba ma iya ganin gurbi mu bar shi. Sarewa, gogen Turawa, ƙararrawa, tafi, duk a tsakiyar sauti inda jita da murya ke zaune. Sai jitar ta nutse, ka ƙara mata ƙara, komai ya cakuɗe kamar kasuwar Kurmi ranar jajiberi. Yanzu ina yanke wa jita duk sautin da kaɗawarsa ba ta kai sau 100 a sakan ba in bar wa bes filinsa, sannan in bi sauran layukan ina kashewa ɗaya bayan ɗaya. Wanda na kashe ban ji kewarsa ba, ya tafi ke nan.

Wahalhalun kuwa akwai su, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Na farko gurnanin wuta. Lantarkinmu, a Najeriya da Nijar duka, sau 50 yake juyawa a sakan, kuma maganaɗisun da ke ƙarƙashin tsirkiyoyin jitar lantarki yana tsotsar wannan ya kawo maka shi a sifika, wani "mmmm" da ba ya ɗaukewa. Idan janareto ne abin ya fi ban haushi, don gudun ƙaramin inji ba ya tsayawa wuri ɗaya. Akwai daren da na yi naɗin da na fi so a rayuwata, da na saurara sai na ji gurnanin ya sauka ƙasa a tsakiyar baiti na biyu ya sake hawa. Ashe a daidai lokacin ne maiɗakina ta jona dutsen guga a cikin gida. Yanzu idan zan naɗi jita cire cajar kwamfuta nake yi, in bar ta a kan batir, in kashe fanka, in juya kujera a hankali har in sami kusurwar da gurnanin ya fi raguwa, in zauna a haka kamar mai ɗaukar hoton fasfo. Daren da aka ɗauke wuta unguwa ta yi tsit, shi ne daren aiki.

Na biyu jinkiri. Ka taɓa tsirkiya, sai bayan ɗan lokaci sautin ya iso kunnenka, kamar mai magana a waya da ɗan'uwansa na Saudiyya. Lissafin ba wuya. Kwamfuta na yanka kowane sakan na sauti gida 44,100, tana kuma ɗibar su kwano-kwano. Idan kwanon mai cin 1,024 ne, kowane ɗiba na cin kashi 23 cikin 1,000 na sakan, kafin a lissafa dawowa. Sauti na tafiyar kusan mita 343 a sakan, don haka kamar ka tsaya mita 8 ne daga sifikarka kana kaɗawa. Ka rage kwanon zuwa 128, jinkirin ya dawo kashi 3, kamar mita ɗaya. Amma fa tsohuwar kwamfuta za ta fara tari da ƙyas-ƙyas idan ka cika mata kaya. Na yi wata shida ina zargin hannuna kafin in gane lamba ɗaya ce ke bukatar canji.

Sai hunturu, wanda ke busar da katako har bakin ƙarafan wuyan jita su fito suna yankar yatsa, ɗaurin tsirkiya kuma ya ƙi zama. Ina ajiye ɗan soso mai laima a cikin gidan sabulu mai huda, in sa a jakar. Damina kuma tsatsa. Kwalin ƙwai da ake mannawa a bango, don Allah a daina wahala: ba ya hana ƙarar adaidaita shigowa, ba ya hana taka fita, sai dai ya tara kyankyasai. Katifa da labule mai kauri da buhun tsofaffin kaya a kusurwa sun fi shi amfani wajen kashe amsa-kuwwar ɗaki.

Akwai wani dattijo a layinmu, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa, mai kaset ɗin Shata cike da kwali. Ya taɓa ce min, "Malam, kai da ka yi karatu, me ya kai ka kayan Nasara? Jitar tasu, kwamfutar tasu. In kiɗa kake so ga namu nan yana mutuwa." Na ce, "Baba, kuntigi da gwangwanin kifi ake yin cikinsa, shi ma ba a Jos aka ƙera gwangwanin ba." Ya yi dariya, bai dai yarda ba. Kuma rabin maganarsa gaskiya ce. Duk abin da na faɗa a kan jita ya hau kan gurmi da garaya da molo, ya ma fi dacewa da su. Wanda ke da gurmi a gida ya kafa masa makirfo ya ɗora a kan bes na na'ura, ya riga ni nisa.

Amma akwai dalilin da ya sa jita ce ƙofar da ta fi sauƙin shiga, kuma kowa ya san shi ko da ba a faɗa. A wurinmu kiɗa gado ne, kuma gadon da ba kowa ke son a jingina masa ba. Malamin makaranta ya rataya kalangu, gobe a ce ya zama maroƙi, a fara tambayar ko a gidansu akwai. Jita ba ta da wannan tarihin a wuyanta. An ɗauke ta abin sha'awar 'yan boko, a yi maka murmushi a wuce. Ga darussanta birjik a intanet, ga ta a kanti. Ta lantarki kuma idan ka jona ta da kwamfuta ka toshe kunne, wanda ke zaure ma ba ya jin komai sai ɗan ƙyas-ƙyas, balle maƙwabci, balle liman. Na san 'yan mata biyu da ke koyo a haka a cikin ɗakunansu, iyayensu sun sani, unguwa ba ta sani ba. Ni kaina ta kan jita na koma ina sauraron gurmi da kunnen ɗalibi, ina tsayar da kaset ina laluben inda yatsan mutumin ya bi. Shekara 40 ina jin waɗannan kaɗe-kaɗe a rediyo, ban taɓa sanin wuyarsu ba sai da na gwada kwaikwaya na kasa.

Mako uku da suka wuce ɗan yayar nan tawa ya zo ya ce in ara masa jitar ta kwana biyu, wai akwai abin da yake so ya gwada bayan an tashi daga aiki. Har yau ba ta dawo ba. Shekaranjiya da asuba ya turo min naɗi na minti ɗaya da rabi: bes mai nauyi, tafi a kan gidaje 12, da jita a sama tana tuntuɓe tana tashi. Ya rubuto a ƙasa, "Kawu, yatsuna duk sun yi ƙanta, haka abin yake?" Na ce masa haka yake, kada ya fasa, kuma tsirkiya ta uku ta saki, ya ɗaure ta. Na kuma ce ya dawo min da kayana ranar Juma'a bayan masallaci, in ya so mu je Sabon Gari tare ya taya tasa.